Kafaɗar Matata

Shekarar da ake ɗibar maza aikin tilas na hanyar Madawa, ina da mata ɗaya da ɗiya ɗaya, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Buza da Keita, gida ɗaya da innata. Wata safiya gardi, ɗan sandan Bature, ya zo da dogarin hakimi, suka kira sunana a ƙofar gida. Ni ko bara na je, bana ba layina ba ne. Raina ya ɓaci, na ɗauki sanda zan fita. Matata ta sha gabana, ta riƙe mini riga.

"Maigida, don Allah aje sandar nan. Kashe ka za su yi."

Na kama hannunta na dama, na fizge, na murɗe shi baya, na ture ta. Na ji wani abu ya yi ƙas. Ba ta yi kuka ba. Kafin in kai ƙofa zuciyata ta huce, na aje sandar na bi su. Wata biyu ina ɗaukar dutse.

Da na komo, na tarar ba ta iya daka. In ta ɗaga taɓarya sai ta cije leɓe ta sauke. Ko ɗankwali da hannu ɗaya take ɗaurawa. Ta gaya wa innata wai bakin rijiya ta faɗi. Innata ba ta yarda ba, ta ce son jiki ne irin na yaran yanzu, tana faɗi a gaban maƙwabta. Ni ina nan zaune ina ji, ban taɓa buɗe baki ba. Har akwai ranar da na ce fura ba ta daku ba.

Muka shiga neman magani. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya yi mata ƙaho har sau uku. Malam ya ba da rubutu. Wani ya ce sanyi ne, aka dafa saiwa ta sha har ta rame. Kowa ya tambayi mafarin ciwon sai ta ce rijiya, ni kuma in gyaɗa kai. Damina ta wuce, aka yi girbi, hannun ya ƙara ƙagewa, ko tsayin kafaɗa ba ya kaiwa.

Bayan girbi wani mai kai albasa kasuwa ya ba ni labarin wata tsohuwa maɗoriya kusa da Buza, wadda ta gaji aikin wurin ubanta. Na aza matata a jaki muka tafi.

Tsohuwar ta zaunar da ita a tabarma, ta shafa man shanu, ta dinga bin kafaɗar da babban yatsa. Ta ɗaga hannun gaba, ta ɗaga gefe, ta juya shi baya har matata ta yi ƙara.

"Ɗiyata, mi ya same ki?"

"Faɗuwa na yi, Inna."

"Ta wane gefe kika faɗi?"

Tsohuwar ba ta jira amsa ba, ta ce, "Shekara nawa ina taɓa waɗanda suka faɗi. Wannan ƙashi lafiya lau yake. Jijiya ce ta yage, da kika daina motsa shi ta ƙage. Murɗe hannun ga aka yi ta baya."

Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni ma da ya fi mini sauƙi. Na rasa inda zan sa idona, na tsaya ina kallon kaji suna tono a gindin rumbu.

"Ni ne, Inna," na ce.

"Na sani, ɗana. Matso ka ga abin da za ka yi."

Ta koya mini: tsumma a ruwan zafi, in gasa kafaɗar, in shafa mai, sannan in riƙe gwiwar hannun in ɗaga a hankali har inda za ta iya jurewa. Matata kuma kullum safe ta tsaya gaban bango, ta hau shi da yatsu. Tsohuwar ta ce ba aikin mako ba ne, kuma kada ta taɓa taɓarya sai ruwa ya sauka.

Haka muka yi duk rani. Ƙanwata ta karɓi daka, ni na karɓi ɗiban ruwa, maza suna yi mini dariya a rijiya. Da damina hannun ya kai saman kanta, amma har ta tsufa ba ta iya kai shi bayanta, ɗiyarmu ke cuɗa mata baya.

Abin da ban yi ba shi ne gaya wa innata. Sau da yawa na je ɗakinta da niyya, sai in gaishe ta in tashi. Ta rasu bayan shekara huɗu tana ganin surukarta raguwa ce da ta mallake mata ɗa. Matata ce ta yi jinyarta, ita ke tashe ta zaune da hannun hagu.