Ja'afaru Mai Famfo da Ɗakin Hure

Ja'afaru mai famfo ba da ido yake neman yoyo ba. Wani guntun rodi gare shi, tsawonsa kamu biyu, sai ya kafa shi a ƙasa, ya ɗora kunne a ɗaya bakin, ya runtse ido kamar mai sauraron gulma ta bayan danga. In ya ɗago ya ce a haƙa nan, to a haƙa kawai, kafin ramin ya kai gwiwa za a tarar da laka. A birni ya koyi aikin, ya dawo ƙauyensu da ke gefen Tofa da sifana biyu da baƙin rodin nan, ya zama shi ne likitan fayif ɗaya tilo da ya taso daga tankin rijiyar burtsatse ya ƙare a famfon bakin masallaci. Fayif ɗin tun zamanin En'e aka binne shi. Tsatsa ta ci rabinsa, waɗanda suka san inda ya bi sun mutu, mutane kuma sun yi ta gini a kansa ba su sani ba.

Gwani ne, ba mai musu. Aibinsa ɗaya, kunya ta yi masa katutu. In mace ta gaishe shi, ƙasa yake amsa wa. Abokansa na cewa da za a bar Ja'afaru, sai ya yi wa fayif sallama kafin ya taɓa shi.

Sai aka shiga shekarun fari. Damina ta yi ta yaudarar mutane, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba, rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har famfon nan ya zama shi ne ran garin. A shekara ta biyu ruwansa ya fara raguwa. Tulun da a da ake cikawa kafin a gama gaisuwa, yanzu sai an gaisa an tambayi mutan gida an soma faɗa a layi bai cika ba. Ja'afaru ya san ba inji ba ne. Ya ɗauki rodinsa ya bi layin taku-taku, kwana biyu yana tsugunno a lunguna, har ya tsaya a bayan wani tsohon ɗakin soro a gidan marigayi Malam Khalilu. Nan ya ji shi, tsss, siriri, ba ya tsayawa.

Bai ma buƙaci rodin ba da ya duba da kyau. A garin da ko ciyawa ba ta raye, gindin bangon nan ya yi baƙi da danshi, farin gishiri ya feso masa, tururuwa na ta kwashe ƙwansu suna barin wurin. Ya danna yatsa a jikin ginin, yatsan ya shige. Ɗakin kuwa irin na da ne, wanda ƙasar waje ta taru ta fi ta ciki tudu, sai an sauka taki biyu ake shiga, don haka duk abin da fayif ya zubar a ƙarƙashin ɗaɓen yake kwana. A sama ga azara da ƙasar rufi ta shekara talatin. Gyaran ba zai yiwu daga waje ba, sai an shiga an fasa ɗaɓen.

A cikin ɗakin kuwa Hure ce, matar Malam Khalilu, tana takaba. Kuma babu wanda ya kai shekara arba'in a garin da bai san Ja'afaru ya nemi Hure tun tana budurwa ba, aka ba Malam, shi kuma ya haƙura ya auri wata.

Ya sami Ɗan Iya, wan marigayin, a zaure yana saƙar faifan rumbu da ba abin zubawa a ciki.

"Baba Ɗan Iya, yoyon a ƙarƙashin ɗakin Malam yake."

"To, Allah Ya kyauta. Babba ne?"

"Da ɗan dama."

"Sai an shiga ciki ke nan?"

"Sai an shiga."

Ɗan Iya ya ajiye saƙar ya ƙirga da yatsu. "Saura mata kwana goma sha ɗaya ta fita. Zai jira?" Ya ɗago ya dube shi, duban da wataƙila ba komai a cikinsa. Amma Ja'afaru ya ga abin da zai faru in ya ce a'a: kafin la'asar labari ya kai bakin famfo cewa mai famfo ya kasa haƙurin kwana goma sha ɗaya, ya ƙirƙiro yoyo don ya leƙa bazawara tun kafin ta zama bazawara. Ba kansa kaɗai ya ji wa ba, har da ita.

"Zai jira," in ji shi.

Wannan ita kaɗai ce ƙaryar da ya taɓa yi a kan aikinsa, kuma ya san ƙarya ce tun tana bakinsa. Yana iya cewa a mayar da ita wani ɗakin, ba wanda zai hana. Yana iya rufe ruwan daga tanki, ya sha zagin gari na kwana goma sha ɗaya. Bai yi ko ɗaya ba. Abin da ya yi, kullum da safe sai ya zagaya ta bayan ɗakin kamar mai wucewa, ya dubi baƙin danshin ya ga ya ƙara hawa, ya ce gobe zai yi magana. Ni da nake ba ku labarin nan, haushinsa nake ji har yau, kuma tausayinsa nake ji.

Ran kwana na bakwai da hantsi, rana tarwai, ba iska ba hadari, bangon ya zauna. Waɗanda ke layin famfo sun ce ba su ji wata ƙara mai yawa ba, kamar dai an sauke buhun hatsi daga kan jaki. Rufin ya biyo shi. Kafin a kwashe ƙasar da hannu da fartanya, Hure ta cika. Inna Safara'u, tsohuwar da ke taya ta zama, ta tsira ne don ta fita ɗebo wuta.

Mutane suka ce kwana ya ƙare, tsohon ɗaki ne. Ɗan Iya bai taɓa tayar da maganar zauren ba. Ranar sadakar uku Ja'afaru ya shiga kangon ya haƙa, ya tarar da mahaɗin fayif ya tsage, tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya yanke, ya sa sabo, ya ɗaure. Kafin mata su sauke tukunyar farko ya gama, famfon masallaci ya dawo da ƙarfinsa, yara suka yi ta ihun murna.

Daga ranar ya zama wani mutum. Kunyar nan ta bar shi, amma ba ta bar masa komai mai daɗi a madadinta ba. In ya ga danshi a bangon gida, sallama ɗaya yake yi ya ce mata su kimtsa ga shi nan shigowa, ko maigida na nan ko ba ya nan. An kai ƙararsa wajen mai unguwa ya fi sau biyar. Ya sa an rushe ɗakunan da wataƙila da sun shekara goma nan gaba. Lungun gidan Malam Khalilu kuwa bai ƙara bi ba, domin ya ce ko daga nesa yana jin tsss ɗin nan a wurin, alhali shi da hannunsa ya gyara, kuma daga baya ma an janye layin daga can gaba ɗaya. Matarsa ta ce ko tulu ne ke tsatsafo a tsakar gida, ba ya iya cin abinci sai an fitar da shi.

An yi shekara tara, damina ta dawo, rumbuna sun cika. Inna Safara'u ta tsufa tukuf, ta aika a kira shi ya duba mata randar siminti da ke zuba. Yana tsugune yana shafa siminti, ita tana kan tabarma tana ta hira irin ta tsofaffi, har ta gangaro kan Hure. Da alheri ta faɗa, don ta faranta masa.

"Ai yarinyar nan ta yarda da kai, Ja'afaru. Ni na ga tabarmarta na jiƙewa, na ce Hure, mu koma ɗakina mana, takaba ai ba ta hana. Har ta naɗe shimfiɗarta, wallahi. Sai aka shigo aka ce ka ce zai jira. Ta mayar ta shimfiɗa, ta ce, Inna, in dai Ja'afaru ne ya faɗa, zai jira."