Farar Jif a Hanyar Asian Town

Yau kwana tara ke nan, amma har yanzu idan aka buga ƙofar firji da ƙarfi a ɗakinmu sai gabana ya faɗi.

Motar ta Anti ce. Anti nas ce, 'yar Jos, ta shekara goma sha biyu a Doha, ita ta ba ni wurin kwana a gidanta na Al Muntazah lokacin da na zo aikin lalle a wani shagon kwalliya. Da na samu lasin sai ta ce takarda ba ta tuƙi. Duk ranar da hutunmu ya zo ɗaya, makulli take miƙo mini.

Ranar Asabar ce, wajen ƙarfe sha ɗaya, rana kamar za ta narkar da kwalta. Kasuwar Asian Town muka nufa sayen akwati. Muna sauka daga gada na hango wata farar jif a madubi, baƙin gilashi, ba a ganin na ciki. Na koma layin tsakiya, ta biyo ni. Sai ta fara haska mini fitila.

"Anti, mutumin nan bin mu yake yi."

"Haka suke, kullum cikin sauri kamar an ɗora musu tukunya a wuta. Ba shi hanya ya wuce."

Na koma dama. Bai wuce ba. Ya dawo bayana, ya ƙara da hon.

Ban gama buɗe baki ba muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Bayan motar ya karkata, sitiyari ya nemi ƙwacewa daga hannuna.

"Taya ce!" in ji Anti. "Kar ki taka birki! Riƙe sitiyari da hannu biyu, ki miƙe. Yauwa. To ɗaga ƙafarki daga totur a hankali, mu gangara gefe."

Biyun farko na yi su. Na ukun ne na ƙi.

Ina 'yar shekara goma sha shida muka taɓa tafiya biki ƙauyen kakata, motoci biyu a jere. A tsakiyar daji muka taka katako mai ƙusoshi da aka shimfiɗa a hanya. Direbanmu bai tsaya ba, ya ci gaba da gudu a kan ƙarfen taya har gari na gaba, muna salati. Direban bayanmu ya tsaya duba tayarsa. Mutum bakwai aka kora cikin daji a ranar, har da ƙanwar mamana, sai bayan wata biyu muka sake ganinta. Tun daga nan kowa a gidanmu ya haddace: taya ta fashe, akwai wanda ya fasa ta, kuma yana kusa.

"Ke! Na ce ki ɗaga ƙafa!"

"Ba zan tsaya ba, Anti. Shi ne. Shi ya zuba ƙusa."

"Ta yaya wanda yake bayanki zai zuba ƙusa a gabanki? Aljani ne?"

"Ai ba shi kaɗai ba ne."

Motar na ta tsalle, gaf-gaf-gaf, warin roba ya cika ciki. A madubi na ga baƙin ɓawon taya ya ɓalle ya yi sama. Jif ɗin ta kauce masa, ta kunna fitilun gefe duka huɗu, tana nan manne da mu. Wata tirela ta wuce ta hagu, iskarta ta tura mu.

Sai Anti ta daina ihu. Ta sassauta murya.

"Ƙanwata, kalli gefen hanya. Ina dajin? Katanga ce da yashi. Ni ce nake karɓar waɗanda aka kwaso daga kan hanyar nan a asibiti, na san yadda ake shigo da su. Ba na so yaran da na koya wa aiki su yanke mini riga da almakashi. Khalas, ya isa. Tsaya."

Ban yarda da ita ba, amma ƙafata ta saki. Motar ta ja jiki har bakin shingen ƙarfe ta tsaya, hayaƙi na tashi daga baya.

Jif ɗin ma ta tsaya, can nesa da mu. Wani magidanci ya fito, farar jallabiya, furfura a gemu. Na danna makullin ƙofa. Anti ta zare shi.

"Fito. Ba a ɗaga mota da mutum a ciki, kuma in tirela ta kwashe ta har da ke za ta tafi. Tsallaka bayan shinge."

Na tsallaka, wayata a hannu, lambar 'yan sanda a shirye. Mutumin ya ajiye jar alama a kan hanya, ya yi mana sallama, ya ce Anti ta buɗe but. Ko sau ɗaya bai kalle ni ba. Wannan ma bai kwanta mini ba. Na riƙa leƙen baƙin gilashin nan ina jiran ƙofar baya ta buɗe.

Ya fara sassauta notuna tun mota na ƙasa, sannan ya sa jak. Da ya taɓa ƙarfen tayar sai ya janye hannu yana yarfewa, ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba. Cikin Turanci haɗe da Larabci ya gaya wa Anti wai tun daga gada ya ga tayarmu ta kwanta tana lilo, shi ya sa yake haska mu.

Na ce da Hausa, "To me ya kai idonsa kan tayar mata?"

"Rufe mini baki, mutum na ƙona hannu saboda ke."

Ya ɗaura ƙaramar safaya, ya ce kada mu yi gudu da ita, kuma zai bi mu a baya har wurin mai faci. Anti ta yi ta godiya. Ni kuwa da ta karɓi tuƙin, juyawa na yi na rubuta lambar motarsa a tafin hannuna da kwalli. Muna karya kwana zuwa shagon ya danna hon sau biyu, ya miƙe abinsa.

Mai facin ɗan Nepal ne. Na ce ya nemo mini ƙusar. Ya juya ragowar tayar, ya shafa ciki da hannu, ya girgiza kai. Sai ya auna sauran ukun, ya ɗago yana tambayar wa ya rage musu iska.

Ni ce. Da sassafe na sauka da tsinken gashi na sassauta kowacce, kamar yadda na ga direbobin tashar garinmu suna yi da bazara don kada zafi ya kumbura taya ta fashe. Na ɗauka taimako na yi. Mai facin ya ce a kwaltar nan tayar da ba ta cika ba ita ke lanƙwashewa ta yi zafi ta tarwatse. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna, mai adadin iskar, ya ce da safe ake aunawa kafin mota ta motsa.

Anti ta juyo ta kalle ni.

"Tsinken gashi," ta ce. "Yesu."

Na ba ta haƙuri, kuma har zuciyata. Duk da haka na sa mai facin ya sake juya tayar. Na ce ai rabinta ya ɓalle a hanya, wa ya sani ko ƙusar tana jikin wancan ɓangaren.

"Sai ki je ki ɗauko shi," in ji Anti, ta miƙo mini makulli.

Ban karɓa ba. Jiya ma ta sake ajiye shi kusa da kofin shayina, na tura mata abinta.