Manzo Mai Juyen Kaset

A bakin kasuwar Filinge, kusa da masu liƙin taya, akwai wani ɗan shago mai allo da rubutun faransanci. Waɗanda suka yi lakwal, wato boko, sun ce ma'anarsa babban ofishin ajiyar muryoyi. A ciki kuwa tebur ne, da benci, da tsohuwar rediyo mai cin kaset, da Manzo ɗan Ibrah.

Manzo cikin kaset ya tashi. Tun yana saurayi yake tallar na wa'azi da na kiɗan biki, daga Filinge zuwa Damana. Da waya ta zo ta kashe kasuwar, bai zauna makoki ba. Ya sayi babbar waya, ya ɗora tabarau wanda ba na magani ba, ya ce shi yanzu teknisiyan ne. Duk mai tsohon kaset ya kawo a juye masa cikin katin waya, ya huta da fargabar zafi da ɓera.

Juyen nasa ba ɓoyayye ba ne. Ya kunna kaset, ya jingina waya a bakin lasifika, ta ɗauka. Wani malamin lakwal ya taɓa gaya masa akwai igiyar da ake haɗawa, magana ta wuce shiru. Manzo ya ce muryar da ba ta sha iska ba lami take fitowa.

Sai dai nawar aiki. Kaset ɗin da za a ji tsakanin azahar da la'asar, a hannun Manzo sai ya ga sabon wata. A ba shi haƙƙinsa, ya nemi dalili. Ya ce robar ciki ta saki, ya canza ta. Ya ce kan injin ya yi dauɗa, ya goge da auduga da turare. Ya ce kuran, wato lantarki, ba shi da ƙarfi, ya koma pil, batirin rediyo. Ya ce pil jabu ne, ya ɗora panno mai zuƙar hasken rana bisa rufi. Abu ɗaya ne bai taɓa kwancewa ya duba ba, wanda ke ƙarƙashin hancinsa.

A Filinge ba a wuce mutum babu sallama, Manzo kuma ba ya amsa sallama tsirara. Sai ya tambayi gida, da gona, da ƙafar da ta kumbura bara, da wa ya saki wa. Waya ba ta da kunya, duk tana kwashewa. In ya saurara ya ji kansa a ciki, sai ya yi tsaki, ya zagi inji, ya mayar da kaset farko.

Haka Inna Nasiba ta same shi. Mijinta Mamman, Allah ya jiƙansa, ya aiko mata kaset daga Abijan a ciraninsa na ƙarshe, can kuma aka binne shi. Rediyonta ta daɗe da mutuwa. Da autarta Sa'adiyya ta saya mata waya, sai ta kwanto kaset ɗin daga cikin ɗankwali ta kawo.

"Ɗana, a hankali," ta ce. "Shi kaɗai ne. Gaisuwar mutanen gari da ke ciki ba ta dame ni ba. Can ƙarshe akwai 'yar maganar da ya yi mini, ita nika so."

"Inna, ki ɗauka an gama. Gobe war haka."

Goben ta haifi wata gobe. Duk zuwan da ta yi, da sabon mai laifi. Kaset kuwa kullum ana ja ana mayarwa, ya fara laushi, muryar marigayi ta soma rawa kamar mai zazzaɓi. Nasiba ba ta yi lakwal ba, amma ta zauna bisa benci yini guda, ta ga ciwon.

"Manzo, injin ga lafiyarshi lau."

"Inna, wanga aiki na masu ilimi ne."

"To. Mai ilimi, gobe ni ka tsaron ƙofa, kai ka tsare bakinka."

Da hantsi ta shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da shagon, da tasbaharta. Duk wanda ya nufo, ta tare shi, ta amsa sallamarsa a hankali, ta juya shi. A ciki Manzo ya cusa goro a kumatu, ya danna.

Marigayi ya yi sallama. Leɓen Manzo ya motsa, ya danne, ya amsa a zuci. Aka gaida liman, aka gaida mai unguwa, aka tambayi gero da damina. Bai taɓa kai wannan wuri ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Nasiba ta taso ta tsaya a ƙofa, don ta san an kusa.

Sai muryar ta ce, "A gaida mini Ibrah, da ɗanshi Manzo mai bakin nan. A ce mishi ya rage surutu, ko ya zama mutum."

Manzo ya tofar da goro.

"Ni? Haba Baba Mamman, mi na yi maka? Ni da kowa ya shaida ba ni shiga abin da bai shahe ni ba? Ka tambayi garin ga duka, tun daga tasha har..."

Yana cikin kare kansa, a ƙarƙashin muryarsa wani mutum yana magana a hankali da matarsa. Kafin ya kai aya, rediyo ta yi ƙara, ta tauna zaren, ta tsaya. Ya jawo shi da biro, ya fito a dunƙule kamar hanjin kaza.

Nasiba ba ta ɗaga murya ba. Ta yi salati, ta tattara zaren cikin ɗankwalinta, ta miƙa hannu ya ba ta katin.

"Inna, sai haƙuri. Kin ga injin ga..."

"Na gani. Shi ma marigayi tun daga Abijan ya gani."

Har yanzu bayan sallar asuba tana kunnawa. Ta ji liman, ta ji mai unguwa, ta ji gero. In an zo wurin nata, sai ta manna wayar a kunne, ko wata kalma za ta kuɓuce ta tsakanin numfashin Manzo. Matsalar ita ce, Manzo ba ya numfashi in yana magana.

Shi kuwa ya sayo sabuwar rediyo daga Yamai. Ya ce wannan karon ya gano inda ciwon yake.