Abin da Ke Cikin Kulkinka, Telo

Ranar Talata, goma sha huɗu ga Janairu, da hantsi, ina zaune a ƙofar kantin unguwarmu ina jiran kofi, sai wani ɗan acaɓa ya tsaya ko inji bai kashe ba, ya ce, "Don Casimiro, compadrenka ya tafi." Na ce wanne? Ya ce Eleuterio Vilorio, Telo na ƙungiyar besbol ta Carreteros. Ban yarda ba. Ni dama ba na saurin yarda, kai Telo ka fi kowa sanin haka. Sai da na taka har gidanka a Santa Rufina, na ga an jera kujerun roba a bakin titi, an lulluɓe madubai da farin ƙyalle, na kuma ji kukan matarka Nereyda daga ciki, sannan na yarda. An ce zuciya ce. Ka gama karyawa, ka ce bari ka ɗan jingina, shi ke nan.

Mutane da yawa za su rubuta yabonka, Telo, kuma galibinsu ƙarya za su yi, domin su ne suka shekara talatin suna rage murya idan an ambaci sunanka. Ni ban taɓa rage murya ba. A gabanka na zarge ka, a teburinka na zarge ka, da abincinka a bakina. Saboda haka ina ganin na fi su cancantar rubuta wannan.

Lokacin da na fara saninka a wasan besbol, inda wani ke jefa ƙwallo wani ya buga da kulki, kana tsaron bayan fili ne, ɗan wasa madaidaici, ba yabo ba fallasa. Sai gwiwarka ta lalace, gudu ya gagare ka. Maimakon su sallame ka, Carreteros suka ba ka aikin da ake ba tsofaffi da masu rauni, wato bugu zalla: ba ka tsaron fili, ba ka kama ƙwallo, sai dai idan layi ya zo kanka ka fito da kulki ka buga, ka koma. Mu masu jifa dariya muke yi wa irinku, muna cewa rabin ɗan wasa. Kafin shekarar nan ba ka taɓa tsallakar da ƙwallo bayan katanga fiye da sau huɗu a kaka guda ba. Kwatsam, kana da shekara talatin da huɗu, da gwiwa ɗaya da rabi, ka yi sau goma sha uku. Plinio Carrasco, wanda ake ji da shi a wannan gurbi kafin zuwanka, tara ya yi a shekararsa mafi kyau, kuma shi ƙato ne kamar san amalanke. Daga bayanka ma ba wanda ya wuce goma. To don Allah wa ba zai yi tambaya ba?

Ga kuma halin da ka ɗauko. Kulki ɗaya tak ka yi amfani da shi duk kakar, baƙi, da harafin sunan Nereyda da ka ƙona a gindinsa da ƙusa mai zafi. Ba mai taɓa shi. Idan abokan wasanka suka fita tsaron fili, kai sai ka sulale da shi zuwa ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin rumfar 'yan kallo ka ja ƙofa. Kowa a wannan wasa ya san abin da ake yi a ɓoye: a rarake kan kulki, a cusa ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi, a liƙe bakin da garin katako, kulki ya yi shafal a hannu. Ba a gane shi sai ranar da ya karye a fili. Naka bai karye ba. Da kaka ta ƙare ka naɗe shi a tsumma ka kai gida, ba a sake ganinsa ba, shekarar da ta biyo kuwa uku ka buga.

Na goma sha ukun nan a kaina ka yi shi, a wasan ƙarshe, ni ina jifa wa ƙungiyar bakin teku. Na jefa maka wadda take zuwa kamar za ta doki ƙirji sannan ta faɗi ƙasa ta gefe. Da ita na ciyar da iyalina shekara da shekaru. Ka ɗan lanƙwasa kawai, ƙwallo ta tashi ta faɗa gonar rake. Ƙarar da na ji ba ta yi mini daidai ba, kamar an doki busasshiyar ƙwarya. Bayan wasan ƙungiyata ta ce hannuna ya tsufa, ta sallame ni. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni, har 'ya'yana, amsata ɗaya ce: ba Telo ne ya doke ni ba, cushen kulki ne.

Abin mamaki, kai ne mutum na farko da ya ƙwanƙwasa ƙofata bayan an sallame ni. Ka zo da nonon agade a kafaɗa da kaza a hannu, kana ɗingishi, ka ce Nereyda ce ta aiko ka. Na karɓa, amma a raina na ce, mai laifi ne ya zo wanke kansa. Kai ka samo mini aikin koyar da jifa a makarantar kamfanin sukari, na ce so kake ka toshe mini baki. Ranar da mahaifiyata ta faɗi, motarka ce ta kai ta asibiti, ka zauna a benci har aka sallame ta, kana ba ta labarin wasa tana dariya da rabin baki. Ko a nan sai da na ce a raina, wannan alheri ya yi yawa, akwai dalili. Da aka haifi 'yarka Yocasta ka ce ni zan riƙe ta ranar baftisma, muka zama compadre, wato uba da uban baftisma. Fada yana zuba mata ruwa, ni ina satar kallon ƙofar ɗakinka ina tunanin inda ka ajiye kulkin. Haka Allah ya yi ni, kuma ba ka taɓa nuna ya dame ka ba.

Sau ɗaya na tambaye ka kai tsaye. Muna wasan domino, na jera ƙwayoyi a tebur, a ƙarƙashin bishiyar almon, na ce, "Compadre, tsakaninka da Allah, mene ne a cikin kulkin nan?" Ka buga ƙwayarka a tebur har kofuna suka yi tsalle, ka ce, "Kai dai sa taka, tsohon mai jifa, hannunka ya mutu, bakinka ya ƙi mutuwa." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin na lura ba ka amsa ba.

Da a tsakaninmu kawai abin ya tsaya, da sauƙi. Bara aka gyara filin Carreteros, aka yi bango a ƙofar shiga, aka zana sunayen masu bugu zalla da suka fi yin fice da shekarunsu. Plinio yana nan da taransa. Har wani yaro na kwanan nan mai takwas yana nan. Kai ba ka. Shugaban ƙungiya, Don Fulgencio, ya ce ana nazari. Yocasta tana bi ta gaban bangon nan kullum za ta wurin aiki. Ta taɓa ce mini, "Baba Miro, na gwammace in zagaya ta kasuwa." Na san bakina yana cikin abin da ya hana a rubuta sunan, amma na ce mata gaskiya ba ta da laifi.

Sai ga wasiyyarka. Nereyda ta faɗa wa 'yan'uwa cewa tun tuni ka ce idan ka mutu a binne ka da kulkin. Kafin azahar maganar ta zaga gari. A wurin zaman makoki ana shan shayin citta ana raɗa: ka ji, zai tafi da shaidar kabari. Ni ma abin da na ce ke nan, ba kuma a raɗa ba. Don Fulgencio ya iso da furanni da sai da aka karkata su kafin su shiga ƙofa, yana share ido da hankici wanda na tabbata a bushe ya koma aljihu. Ya ja Nereyda gefe ya ce ƙungiya za ta so ta ajiye kulkin a akwatin gilashi, kamar yadda yake, ba mai taɓawa. Nan take na gane shi. Kulkin da ake gardama a kansa ya fi jan 'yan kallo, kuma muddin yana cikin gilashi, nazari ba zai ƙare ba.

Washegari da safe, ana shirin rufe akwati a tafi coci, Nereyda ta fito tsakar gida da kulkin a hannu ɗaya, zarton kafinta a ɗaya. Idanunta sun kumbura amma muryarta ba ta rawa. Ta zo har gabana ta ce, "Compadre, shekara talatin kana cin abincina kana kiran mijina maguɗi. Idan wani ya yanka, za ka ce an haɗa baki. Kai za ka yanka."

Na ce, "Comadre, idan aka tarar da abu fa? Ga mutane."

Ta ce, "Ni ma ban sani ba, Miro. Bai taɓa bari na taɓa shi ba. Amma 'yata ba za ta ƙare rayuwarta tana zagayawa ta kasuwa ba."

Ashe ita ma ba ta sani ba. Mace ta ɗauki sunan mijinta, gawarsa na kwance a falo, ta ɗora a kan benci gaban duk gari, ta miƙa zarto ga wanda ya fi kowa son a sami wani abu a ciki. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba, a fili ko a wajensa.

Na fara duba kulkin tukuna, don kada a yi mini musanye. Na juya gindin, ga harafin da ka ƙona. Ga baƙin fenti ya goge daidai inda ƙwallo take dukansa. Na ɗaga shi sama na ce wa jama'a shi ne, ni na san shi, na gan shi a mafarki fiye da yadda na ga matata. Na ɗora shi a benci na sa zarto kimanin taƙi ɗaya daga kansa, inda ake cusawa. Gidan ya yi tsit, sai kukan zarto. Guntun ya faɗi ƙasa ya gangara. Itace ne, fari tas, a cure, ko kafar allura babu.

Wata mata ta yi guɗa a cikin kuka. Ni kuwa na ce a raina, wataƙila ya zurfafa ramin, Telo ba wawa ba ne. Na matsa ƙasa na sake yankawa. Itace. Na ɗauko guntun kan da ya faɗi, na yanka inda ya kamata a ga liƙi. Itace. Gumi yana zuba mini a ido, ina ta yanka kamar mai yanka rogo, gunduwa-gunduwa suna zubewa a ƙafata, har na kusa kai wa mariƙi. Sai na ji hannu a kafaɗata. Yocasta ce. Ta ce, "Baba Miro, ya isa. Babu komai." Na saki zarton na zauna a ƙasa cikin garin katako, da kayan zuwa coci a jikina, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sallame ni.

Ni da ita muka tsince guntayen muka jera maka a gefen dama, aka rufe akwati. Wasiyyarka ta cika, ko da yake ba yadda ka bar shi ya bi ka ba.

Har yanzu ina da tambayoyi, kada ka ɗauka na shiryu. Me kake yi a ɗakin nan na ƙarƙashin rumfa? Nereyda ta ce ƙafarka kake tsomawa a ƙanƙara don kada shugabanni su ga yadda ta kumbura. Wataƙila. Me ya sa ba ka yanka shi da kanka ba tun da aka yi bangon, ka huta, ka hutar da yarinyar nan? Girman kai ne, ko kana ganin wanda bai yi laifi ba bai kamata ya rantse ba? Wani lokaci ma ina zargin da gangan ka bar wasiyyar, ka san gari zai ɗauka, ka san halin matarka, ka kuma san hannun wa zarton zai faɗa. Idan haka ne, ka iya shiri, compadre.

Don Fulgencio ya yi alkawari a bakin kabari cewa za a rubuta sunanka a saman na kowa. Ban yarda da shi ba. Kowace safiya zan je in zauna a gindin bangon nan da kujerata har sai na ga mai fenti ya hau tsani, kuma zan tsaya in ƙirga da idona cewa goma sha uku ya rubuta.

Ubangiji ya jiƙanka, Telo. Ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa ta har abada, ya haskaka makwancinka, ya karɓi alherin da ka yi ta yi wa mutumin da bai taɓa gode maka da zuciya ɗaya ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga comadre Nereyda, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki. Ga 'yata ta baftisma Yocasta, Allah ya dafa miki, ki bi ta ƙofar filin nan da kanki a sama. Ga 'yan'uwansa, da tsofaffin 'yan wasan Carreteros, da mutanen Santa Rufina baki ɗaya, Allah ya ba mu jure rashi.

Jiya na tara 'ya'yana da jikokina na ce su zauna, akwai labarin da zan gyara. Na ce musu jifata mafi kyau ce, lafiyata ƙalau, ban rage komai ba, kuma wani gurgu mai shekara talatin da huɗu ya ɗauke ta da itace zalla ya jefa a gonar rake.