Ranar da aka kore ni daga ɗakin mahaifiyata

Shekarun baya can, farkon shekarun 1990, ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye, na ɗauko ta zuwa flat ɗina a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa. Ni direban bas ne, gwauro kuma, sai ta wuni ita kaɗai. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da mu, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Council, wato ƙaramar hukuma, ta ce za a zo a duba ta, in an ga tana da buƙata gwamnati za ta biya.

Baturiya ta zo, na zama tafinta, ina ta baza Turanci kamar lauya. Na manta ni ɗan fari ne. Uwar da ko sunana ba ta faɗa saboda kunya, ita nake tambaya ko tana iya kai kanta bayi.

"Ce mata lafiya lau," in ji ta, idonta na kan bango.

"Wanka fa, Inna?"

"Kai, yaron nan! Ce mata alhamdu lillahi."

Na fassara tsaf. Council ta ce ba ta cancanta ba.

Maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar Kumasi, ta ji labari ta riƙe haɓa. "Kai ka yi interpret? Ina hankalinka?" Ta sa na yi appeal, na nemi a sake duba ta. Da Baturiyar ta dawo, Hajiya ta karɓe aikin tafinta, ta nuna mini ƙofa.

Na daɗe tsaye a baranda. Da Hajiya ta fito idonta ya yi ja. Ta ce da Hausarta ta zango, "Mamanka ba ya shan ruwa da rana sai ka dawo. Wai kar fitsari ya kama shi, ya ɓata maka carpet."

Ni kuwa ina ta yi wa abokai alfahari cewa Inna ba ta wasa da azumin nafila.

Council ta amince, aka ba ta ɗaki. Har yau abin na yi mini ciwo. A da ina ganin kai uwa irin wannan gida abin kunya ne, ashe a gidana ta fi shan wahala, don a gabana ba za ta taɓa buɗe baki ba.

Ziyarata ta farko da tsakar rana na je. Na same ta da kofin shayi a hannu, tana ce wa ma'aikaciyar ta ƙaro.