Sunan da Kawu Ba Ya Faɗa

Bilyaminu ya koyi keke ne a kan gaɓar tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin auduga a yammacin Hasahisa, kuma ba don wasa ya koya ba. Ubansa ya rasu yana ƙarami, ya bar wa uwarsa Raliya saniya da wani tsohon keke mai nauyin tsiya. Kullum da safe sai a ɗaure masa jarkokin madara gefe da gefe ya nufi kasuwa. Madara ba ta haƙuri da rana, don haka ya saba da gudu tun kafin ya san gudu abin yabo ne. A hanyar komowa, jarkoki wayam, yakan bi bayan motocin kaya har direbobi su leƙo suna zaginsa cikin dariya.

Wanda ya fara kallon ƙafafunsa da wata manufa shi ne kawunsa Attahiru, yayan Raliya. Shi ya bar ƙauye tun yana saurayi, ya yi aiki a masaƙa, ya zama malamin wasanni a Madani, har ya sami kujera a lajna, kwamitin da ke tace masu tseren keke don ƙungiyar ƙasa. A birni ba wanda ya san Attahiru. Ustaz Al-Tahir ake sani, mai farar jallabiya da Larabci mai santsi, wanda in an ce masa daga ina sai ya ce daga Gezira, ya wuce. Bai taɓa cewa shi ba Bahaushe ba ne. Bai dai taɓa barin a kai ga tambayar ba.

Abu guda birni ya kasa kankare masa. Sunan mahaifin Attahiru aka sa wa Bilyaminu, saboda haka tun ranar suna bakinsa bai furta sunan yaron ba. Baba yake ce masa, kamar yadda Raliya ke cewa. In ya zo hutu sai ya dafa kansa ya ce Baba ya ƙi girma, Baba ya ƙi kawo masa goro.

Shi ya kawo masa keken tsere na hannu, siriri, wanda za a iya ɗagawa da yatsu. Shi ya koya masa ɓuya a bayan abokin tsere don iska ta ci wani, da adana ƙarfi sai ƙarshe. Shi kuma ya gaya masa cewa shekarar ita ce ta ƙarshe da zai iya shiga rukunin matasa, kuma waɗanda aka ɗauka za su fita waje gasa. Daga nan Bilyaminu ya daina barci sosai. In an tambaye shi sai ya ce tutar ƙasa yake son ɗagawa, amma abin da yake gani in ya rufe ido jirgin sama ne, da ƙauyensu yana ƙanƙancewa a ƙasa.

Ana gobe zai tafi Madani kawun ya ja shi bayan garke. Ya bayyana masa cewa dokar lajna ta hana mutum zama a kan zaɓen danginsa, in kuwa ya fita daga ɗakin babu mai tsaya masa a ciki.

"Can ba ka san ni ba," ya ce. "Kada ka durƙusa mini, kada ka yi mini Hausa. Ustaz za ka ce, kamar kowa."

"To, Kawu."

"Ka ga ni? Tun nan ka fara."

Suka yi dariya. Bilyaminu ya kiyaye. Ranar tsere ya wuce ta gaban kawunsa da sallama irin ta baƙo, ko takalmi bai tuɓe ba, zuciyarsa na ce masa ya yi rashin kunya. Gurbi uku ake nema. Ya shigo na biyu, bakinsa duk gishiri, ƙirjinsa na zafi. Wani Saifuddeen ya shigo na huɗu. Wannan Saifuddeen ƙanen matar Ustaz Khalid ne, shugaban lajna, kuma kowa a filin ya sani. Sai dai Ustaz Khalid ya sanar da hakan tun farkon shekara, aka yaba masa da gaskiya, aka roƙe shi ya ci gaba da zama.

Da aka zo kiran waɗanda suka yi nasara, Ustaz Khalid ya miƙa wa Attahiru lasifika, wai muryarsa ta fi fita. Attahiru ya kira na ɗaya. Ya zo kan na biyu ya tsaya, har lasifikar ta yi ɗan kuka. Sannan filin duka ya ji ya ce, "Na biyu, Baba."

Aka kwashe da dariya. Ustaz Khalid ya tambaya cikin raha ko Ustaz Al-Tahir ya tsinci uba ne a cikin 'yan tseren. Abin ya kusa wucewa a haka, sai Ma'u mai shayi, wata Bahaushiya daga Dinder da ke raba kofuna a ƙarƙashin rumfar manya, ta ji daɗi ya kama ta. Ta ajiye tire ta yi musu bayani da Larabci, tana alfahari: a wajenmu mutum ba ya kama sunan ubansa, in ka ji ya ce wa yaro Baba, to jininsa ne, an mai da masa sunan mahaifi. Ta juya ga Attahiru ta ce da Hausa, "Ashe namu na kai, Malam. Allah shi yi albarka."

Ba wanda ya ƙara dariya. Ustaz Khalid ya gama shayinsa a natse.

Abin da ya faru a ɗakin lajna daga baya Bilyaminu ya ji shi, guntu-guntu. Ba wanda ya ce bai yi gudu ba. An dai ce an ɓoye dangantaka, kuma wa ya san abin da aka ɓoye ban da ita, wa ya san ko an nuna masa hanyar tseren tun kafin rana. Wani ya yi tambaya a kan takardun ɗan ƙasa, irin tambayar da ba a yi wa kowa sai wanda ake kira Fallata, wato jikan baƙin yamma irin su Hausawa. Daga ƙarshe Ustaz Khalid, da muryar mai neman sulhu, ya ce hanya biyu ce: ko Ustaz Al-Tahir ya sauka daga lajna a bar yaron, ko ya zauna a jingine yaron don a wanke zaɓen. An ce Attahiru bai daɗe yana tunani ba. Saifuddeen ya hau gurbi na uku.

Da Babbar Salla Attahiru ya zo ƙauye da rago da atamfar Raliya. Bilyaminu ya gaishe shi a durƙushe, ya jira aka watse, sannan ya tambaye shi abin da ya sa.

Kawun ya ce baki ne ya suɓuce, ya buɗe shi zai faɗi sunan sai ya ga mahaifinsa a gabansa. Ya ce in ya sauka, Bahaushe ba zai sake leƙa ɗakin nan ba har abada, kuma zamansa ba don kansa ba ne, don na baya ne. Ya ce akwai rukunin manya baɗi.

"Kawu, shekara nawa kana Larabci a gabansu?"

"Da dama."

"Bakin ya taɓa suɓuce maka?"

Attahiru ya dubi ragon da ake fiɗa ya ce wa mai fiɗar ya yi hankali da fata.

Baɗi ta zo da yaƙi. Kafin shekara ta ƙare yaƙin ya iso Gezira, mutane suka bazu gabas da ƙafa. Wasu masu bindiga suka tare Bilyaminu a hanya, ɗaya ya ɗaga keken da hannu guda yana mamaki, ya hau ya tafi yana tangaɗi. Saniyar ta mutu kafin Gadarif. Labari ya zo cewa Saifuddeen tun fitarsu gasar bai komo ba, yana wanke motoci a wata ƙasa yana aiko wa gidansu. Attahiru kuma yana gaɓar teku tare da abin da ya rage na lajna, ana taro, ana ɗaukar hoto.

Yanzu Bilyaminu da uwarsa suna Abu Na'ama, yana ƙwadago a gonar rake, gwiwarsa ta hagu na kumbura in ya yi yini a tsaye. Shekarunsa ba su kai talatin ba, amma a tseren keke ya tsufa, ya kuma sani. Yana yankan rake yana juya maganar. Wata rana ya yarda kunya ce ta gaske ta kama harshen kawunsa. Wata rana ya ce ƙarya ne, mutumin ya lissafa yadda zai zauna a Khartoum da ɗan ƙanwarsa a gefe, mai wari irin na garke, mai tuna wa kowa asalinsa, sai ya zaɓi a ji kunyar sau ɗaya a gama.

Akwai fassara ta uku, wadda ba ya bari ta zauna. Raliya mace ce mai riƙo. Ta yi shekaru ba ta gaisawa da maƙwabciya a kan kaza. Amma tun ranar da ya komo daga Madani da keke a kafaɗa, ba ta taɓa faɗin kalma mai ɗaci a kan yayanta ba, ko sau ɗaya. Bilyaminu kaɗai ta haifa, ta kuma san jirgin da zai ɗauke shi ba zai komo da shi ba. Wa ya san abin da ta roƙi yayanta kafin ranar tseren.

In ya dawo da yamma yakan same ta ta ɗumama ruwa da gishiri don gwiwar. Ya miƙe ƙafa, ta durƙusa tana gasa masa, tana ba shi labarin tsadar albasa. Yana kallon furfurar da ke leƙowa daga ɗankwalinta, tambayar na bakinsa. Ita kaɗai ta rage masa a duniya. Sai ya ce mata ruwan ya yi zafi, ta ƙara na sanyi.