Ranar da Zabiya Ta Rasa Ƙofar Shiga

Ku matso, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe, amma ba tatsuniya ba ce, a ɗakina na unguwar Mahjar a Jidda aka yi ta, ina zaune ina gani.

Ina da jika namiji, haifaffen Jidda, wanda Hausarsa a kunne take, ba ta cika saukowa baki ba. Da rana yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. In ya dawo sai ya rungumi jita, irin mai wayar lantarki da ake jonawa da wani baƙin akwati. Kada ku ɗauka kiɗan lallashi ne irin na garaya. Wannan ruri yake yi kamar ana jan ƙofar kwantena a kan siminti, can kuma ya koma kuka siriri har tsigar jikin mutum ta tashi. Ya daɗe yana tara kiɗe-kiɗensa shi kaɗai, ba kamfani, ba ubangida, har suka cika faifai guda. Babu muryar kowa a ciki, jita ce kawai da ganguna.

Da ubansa, ɗana na fari, ya ji za a saki faifan da sunan gidanmu a jiki, sai ya zo mini rai a ɓace.

"Inna, mu ba maroƙa ba ne. Baba dako ya yi a tashar nan har bayansa ya ranƙwafa, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. In yaron nan ya saki abin nan, halas, shi ke nan, ya nemi wani gidan."

Na san ɗana, in ya kafe ba ya tanƙwaruwa. Jikan kuwa kan ubansa ya ɗauko. Na ga yaro zai bar mini gida ina raye. Sai na ce, roƙo sana'a ce, tana da masu ita, a kira mai ita ta saurara. In ta ce roƙo ne, ni da bakina zan hana shi. In ta ce ba shi ba ne, uba ya janye maganarsa. Duka biyun suka yarda.

Ina da tsohuwar ƙawa a unguwar Balad, Bahaushiyar Sudan, zabiya ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana wasa mutane a gidajen biki. Ranar Juma'a bayan la'asar ta iso a tasi, tana haki, tana zagin matakalar gidanmu. Ta zauna, ta sha shayi, ta dubi jikana.

"Yalla, ɗan nan. Da wa za mu fara, ubanka ko wannan tsohuwar matar taka?"

Ya ce, Larabci na rinjayar bakinsa, "Hala, gwaggo, ma fi suna, babu suna a ciki. Babu kowa."

"Kiɗa ba mai shi? To kunna mu ji ikon Allah."

Ya kunna. Kofunan shayi suka ɗauki rawa a kan tire. Ƙawata ta gyara mayafi, ta gyara murya, ta karkata kai tana jiran inda kiɗan zai sassauta ta jefa kirari. Ta buɗe baki, jita ta yi sama. Ta rufe. Ta sake ɗaga yatsa za ta shiga, ganguna suka rufto mata. Haka ta yi ta kewaya kiɗan nan kamar mai neman ƙofar gidan da ba ta sani ba, har ya ƙare.

Ta share gumi ta dubi ɗana. "Alhaji, kiɗan roƙo durƙusawa yake yi, ya bar wa sunan mai kyauta hanya. Wannan ko sunkuyawa bai iya ba. Ɗanka ba namu ba ne. In ya shigo sana'armu da wannan, yunwa ce ajalinsa."

Na yi dariya har da hawaye, amma ɗana bai yi ba. Ya ce a mayar masa da wani wuri a tsakiya, inda kiɗan ya yi nauyi, yana tafiya a hankali, taku bayan taku. Jikana ya mayar, sannan ya lalubo Hausarsa da ƙyar.

"Wannan na kakana ne. Buhu a baya, yana hawa katakon jirgi."

Ni na ga mijina yana wannan tafiyar, kuma wallahi haka take. Ɗana ya dubi yaron. Sai ya ce, "In za ka sa sunan gidan, ka sa shi cikakke. Kada ka gutsure."

Faifan ya fita. An ce har a ƙasashen da ban san sunansu ba ana saurarensa ta waya. Jikana yana nan a sitonsa, yana kwana a gidan ubansa, ya fara haɗa na biyu. Ɗana ya bar aiki, kuma in ya tuƙa ni asibiti wurin nan mai nauyi yake kunnawa, ƙasa-ƙasa. Ƙawata ta koma Sudan wurin 'yarta, can Allah ya karɓi abarsa. Ni kuwa ga ni, kunne ɗaya ya mutu, ɗayan na ajiye wa angona, jikan nan nawa.